Zarni ne ya koya mini sana'a

A daminar 2017 mai gidan da nake haya a Agege ya ba ni notis, kuma ba don na gaza biyan kuɗi ba. Zomaye goma sha huɗu nake da su a keji uku a bayan gida. Gidan irin na Legas ne, ɗakuna suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, abin da ya shiga hancin mutum guda ya shiga na kowa. Baba mai gida, dattijon Bayarabe ne da ya taɓa zama a Zariya, ya tsaya daga nesa ya toshe hanci da hularsa ya ce, "Malam, ko kai ko su." Na ce, "Baba, a yi haƙuri a ba ni wata ɗaya." Har ga Allah ban san abin ya kai haka ba, don hancina ya riga ya saba.

Da farko kashin na ɗora wa laifi, ina ta shara safe da yamma. Ashe ba nan gizo ke saƙar ba. Kashin lafiyayyen zomo busasshe ne, ɗan dunƙule kamar ƙwayar wake, in ka murtsuke shi garin ciyawa kawai za ka gani. Zomo ɗaya yakan zubar da 200 zuwa 300 a yini, amma kusan ba ka jin komai. Fitsarin ne masifar. Shi ma yana fitowa ba ya damun kowa, sai ya zauna cikin ɗumi da laima ƙwayoyin cuta su juya shi ya koma amoniya, zarnin nan mai yaji da ke sa ido ruwa. A gida Arewa rana da busasshiyar iska suna rufa wa mai kiwo asiri. A Legas kuwa, cikin watan Yuni wanki ma sai ya kwana biyu a igiya bai bushe ba.

Dusar katako na fara shimfiɗa musu, kamar yadda masu kaji ke yi, tunda kusan kyauta ake samunta wajen masu yankan katako. Tana shan ruwa, ba musu. Amma ƙura gare ta, kuma haɗin gambiza ce: akwai ta iroko, wadda kafintoci ma kan sha atishawa da ƙaiƙayi a kanta, akwai ta katakon da aka shafa wa maganin gara. Zomo ta hanci kaɗai yake numfashi, hancin nan kuma kullum yana ƙasa. Cikin mako uku sai atishawa da majina, na rasa biyu. Likitan dabbobin da na kai wa na ukun bai fara da allura ba, tambayata ya yi, "Me kake zuba musu a ƙasa?"

Takarda ce ta fid da ni. Wani ɗan garinmu yana dako a Shomolu, unguwar masu ɗab'i, shi ya nuna mini tulin gefen takarda da injin yanka ke zubarwa. Na ɗauko buhu guda, na zaɓi farar da ba ta da sheƙi, na yayyanka, na zuba a robar wanki mai gajeren baki. Takarda tana tsotse fitsari, ba ta tashin ƙura, in zomo ya ɗan ci kaɗan ba ta kashe shi. Abin da nake sayarwa ke nan yau. Muna da injin yayyanka takarda biyu da yara uku, muna ɗurawa a buhu mai kilo 5, acaɓa da mota suna kai wa mutane Ikeja, Surulere, har Lekki. Zomayen ma ina sayarwa, amma sau ɗaya mutum zai sayi zomo, shimfiɗa kuwa duk wata sai ya dawo.

Aibin takarda ɗaya, ba ta jure kwana biyu a jiƙe a garin nan. Wurin da ya jiƙe a kwashe kullum, robar gaba ɗaya a juye bayan kwana biyu ko uku. Wanda ba zai iya haka ba, ina gaya masa tun kafin ya biya cewa kuɗinsa zai zubar. Masu hali sukan sayi dunƙulen katakon nan da aka gasa a inji, ya fi takardata riƙe zarni, ba zan ɓoye ba, sai dai tsada. Wanda nake hana mutane da babbar murya shi ne yashin kyanwa na kanti, mai dunƙulewa in ya sha ruwa. Kyanwa ba ta cin abin da take ba-haya a kai, zomo kuwa komai sai ya ɗanɗana, kuma ba ya iya amai. In yashin nan ya dunƙule a hanjinsa, sai dai a yi ta'aziyya.

Koya wa zomo fo ya fi koya wa yaro sauƙi, don shi da kansa yake zaɓar lungu ɗaya ya riƙe. Kuskuren mutane shi ne su ajiye roba inda ya yi musu kyau a falo, sannan su yi ta faɗa da dabba. Ka bar shi kwana biyu a ɗan ƙaramin wuri, ka ga kusurwar da ya ɗauka, can za ka kai robar. Ka dangwali fitsarinsa da takarda ka jefa ciki tare da 'yan ƙwayoyin kashin. Sirrin da ya fi duka kuwa ciyawa ce: zomo yana ci yana kashi a lokaci guda, don haka ingiricinsa a gefen robar ake zuba shi, ko a rataye daidai bakinsa. Zai shiga don ci, ya gama sauran a nan.

Maganar ciyawar nan tana da sarƙaƙiya. Mu Hausawa da an ce busasshen abincin dabba sai harawa, ga ta kuwa tuli duk inda ake sauke raguna, musamman gab da babbar Sallah. Zomo yana son harawar gyaɗa da ta wake kamar me. Amma kalsiyam ya yi yawa a cikinsu, shi kuma zomo ta fitsari yake fitar da rarar, shi ya sa za ka ga fitsarin ya yi kauri, ya bushe fari fat kamar alli a gindin roba. Ga 'ya'ya da mai shayarwa harawa ba laifi. Babban zomo na ɗaki kuwa zallar busasshiyar ciyawa ta fi masa, harawa ta zama ta marmari. Allin nan sabulu ba ya fitar da shi. Ruwan khal fari ake zubawa, ka ga yana kumfa, bayan minti goma ka goge ka ɗauraye. Kada a zuba bilic a kan fitsari, haɗuwarsa da amoniya iska mai guba take tayarwa. In kuma aka ga fitsarin ya yi ruwan lemo ko ja-ja bayan cin wani ganye, yawanci launin ganyen ne, amma in da ɗigon jini ko zomon yana nishi wajen yi, a nufi likita.

Wata Hajiya a Idi-Araba ta saya wa jikanta zomo namiji ɗan wata biyu a wurina. Wata uku lafiya lau, sai ga waya: "Malam, zomon nan naka ya lalace, har labule yake fesa wa fitsari." Na je na tarar da kasko biyu na turaren wuta suna ci a ɗakin, zomon ya lafe a ƙarƙashin kujera yana lumshe ido. Na ce, "Hajiya, ranki ya daɗe, a fara fitar da kaskon nan, hayaƙin ya fi zarnin cutar da shi." Ba lalacewa ya yi ba, balaga ce. Daga wata huɗu zuwa shida namiji kan fara shata iyakarsa da fitsari, macen ma takan yi nata. Maganin dandaƙa ne a hannun likitan da ya san zomo, ba mai fiɗiyar bunsuru ba. Ta yi jim ta ce, "Yanzu zomon ma sai an kai shi tiyata?" Aka kai shi. Bai daina nan take ba, sai da ya ɗauki wasu makonni.

A gidan ne kuma na hana su yi masa wanka. Zomo ba a tsoma shi a ruwa, firgita da sanyi suna iya kashe shi. Akwai wani kashi mai laushi, a cure kamar 'ya'yan inabi, wanda yake cinyewa da kansa tun daga fitowarsa, abinci ne a gare shi. In ka fara ganin irinsa manne a gindinsa yana wari, abincin kanti ya yi yawa, ciyawa ta yi kaɗan, ko ƙiba ta hana shi lanƙwasawa. A goge da tsumma mai ɗumi a busar, don ƙudan Legas ba ya jira: ya yi ƙwai a jiƙaƙƙen gashi, kafin kwana ɗaya tsutsa ta fito ta fara cin nama.

Abin da muke kwashewa daga robobin namu ba ya zuwa bola. Masu lambu 'yan uwanmu da ke noman ganye a wajen Ojo suna aiko yaro da buhu, don takin zomo ba ya ƙona shuka kamar ɗanyen kashin kaji, takardar kuma ruɓewa take yi a ƙasa. Baba mai gida ma yana da kasonsa, bokiti ɗaya duk Asabar, yana zuba wa lalonsa na bayan gida. Notis ɗin yana nan a cikin jakar takarduna, bai sake tayar da zancen ba, ni ma ban tuna masa ba.