Babu wanda ya zo ƙwace kyamarar

Masu son ɗaukar hoto da kyamarar da, mai aiki da naɗin fim da ake wankewa, suna da wata magana da suke yawan yi: "Ba za ka raba ni da kyamarata ba, sai dai ka ɓamɓare ta daga hannun gawata." Ni da na koyi wanke hoto a ɗakin duhu, ina naɗa fim da lalube, yatsuna na warin sinadari har washegari, na san son da ke bayan wannan rantsuwa. Sai dai aro ce, daga wurin masu bindiga na Amurka.

Tun shekarun 1970 masu kare 'yancin mallakar bindiga suke liƙa ta a bayan motocinsu. Wanda ya kai ta kunnen duniya shi ne Charlton Heston, tauraron fim da ya shugabanci NRA, ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, daga 1998 zuwa 2003. A watan Mayun 2000, a taron ƙungiyar a birnin Charlotte, ya ɗaga doguwar bindiga irin ta da, ya kira sunan Al Gore mai neman shugabancin ƙasa, sannan ya furta ta. Lokacin shekara ɗaya kacal da harbin da aka yi wa ɗalibai a makarantar Columbine. Shi ya sa nake jin nauyin maganar, ba na son jin ta a bakin mai hoto.

Abin da aiki ya koya mini kuma shi ne, ko ba don wannan ba, maganar ba ta dace da halin da muke ciki ba. Mai bindiga yana tsoron hukuma ta zo ta ƙwace masa. Mu wa zai ƙwace mana? Kyamara tana hannunmu lafiya ƙalau, fim ɗin ne ya yi wuya, masu wankewa suka rufe shago ɗaya bayan ɗaya. Dubi Kodachrome, fim ɗin hoto mai launi na kamfanin Kodak, wanda ya fito a 1935. Kodak ya daina yin sa a 2009 saboda ciniki ya faɗi. Wanke shi aiki ne mai sarƙaƙiya da ba a iya yi a gida, har ya zama shago ɗaya ya rage a duniya, Dwayne's Photo a garin Parsons na jihar Kansas, shi ma ya daina karɓa a ƙarshen 2010. Duk mai sauran Kodachrome a firij, launukan nan sun fi ƙarfinsa har abada, komai ƙarfin riƙonsa.

Ektachrome kuwa, wani fim ɗin Kodak da aka dakatar a 2012, ya dawo kasuwa a 2018, domin mutane sun ci gaba da sayen fim har kamfanin ya ga akwai riba. Don haka idan yaro ya zo mini yana son koyo, nakan ba shi lalataccen fim ya yi ta naɗawa ido rufe har hannunsa ya saba, sannan in tura shi ya sayo sabo da kuɗinsa.