Asabar a gareji da tsohuwar Fijo

Yinin yau gaba ɗayansa a gareji ya ƙare mini, saboda Peugeot 504 ɗin da na gada daga mahaifina, ɗaya daga cikin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna. Kwana goma ke nan tana yi mini hali ɗaya. Da safe takan tashi da bugu ɗaya, ta yi silo lafiya lau, amma da zarar na hau hanyar Zariya zuwa Kano na yi tafiyar kamar minti 20, sai ta fara fizga, in taka totur ta ƙi amsawa, daga nan ta shaƙe ta mutu. Idan na dakata minti 5 a gefen titi, sai ta tashi kamar ba ita ba. A makon jiya wani yaron gareji ya sa na sayi fulogi huɗu da sabon koyil (na'urar da ke ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa fulogi), alhali ko leƙa cikin kafireta, inda mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji, bai yi ba, kuma kuɗin sun tafi a banza.

Yau na kai ta wurin wani dattijon bakanike wanda ya yi wa mahaifina aiki shekaru da yawa. Da ya gama sauraron bayanina, sai ya ce: "Malam, injin fetur abu uku yake ci, mai da wuta da iska. Sai mun kama ta a lokacin da ta mutu kafin mu san wanda ya yanke." Ya ɗauki sukundireba da filaya ya shiga gaba, muka kama hanya.

Ba mu yi nisa sosai ba ta soma halin nata. Tana mutuwa ya fita da sauri ya ɗaga bonet, ya zare babbar wayar da ke fitowa daga koyil, ya riƙe bakinta kusa da jikin inji, ya ce in murɗa makulli. Tartsatsi shuɗi ya riƙa tsalle yana ƙara ƙas-ƙas, wanda ya nuna cewa koyil da kwantak da kwandansa, wato kayan da ke samar da wutar fulogi, duk ba su da laifi, domin koyil ɗin da zafi ya kashe ba ya ba da irin wannan wuta. Daga nan ya cire murfin matatar iska, ya sunkuya yana kallon maƙogwaron kafireta, ya ja wayar totur sau uku da hannunsa. A ƙa'ida, duk ja ɗaya ya kamata a ga siririn mai ya feso ciki, amma ko ɗigo bai fito ba. Kwanon kafireta ya bushe ke nan. Ya zagaya baya ya buɗe murfin tanki yana kasa kunne, ko zai ji iska ta zuƙo ciki, abin da ke faruwa idan hudar shan iskar tanki ta toshe. Shiru.

Da muka lallaɓa muka koma gareji, ya cire tiyon da ke fitowa daga famfon mai ya zura a kwalba. Famfon wannan mota inji ne ke kaɗa shi, don haka sai da aka yi ta buga makulli. Mai ya fito da ƙarfi da farko, sannan ya riƙa raguwa har ya koma tsiyaya. Da kwalbar ta natsu, sai ga jan gari ya kwanta a gindinta kamar dakakken barkono, ga kuma ɗan ruwa ya ware a ƙarƙashin man. Ni a raina na ɗauka canza matatar mai ya wadatar, amma dattijon ya ƙi, ya sa yara suka sauke tanki. Ragar da ke bakin bututun zuƙo mai ta cika da ɓawon tsatsa. Ya bayyana mini cewa muddin ana gudu, famfo na janyo tsatsar tana manne wa ragar har ta rufe hanya, idan kuma inji ya mutu zuƙar ta tsaya, sai ta saki ta zube ƙasa, shi ya sa hutun minti 5 yake tayar da motar.

A nan ne na gane cewa da hannuna a ciki. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ban ƙara cika tanki ba, lita 5 ko 10 nake zubawa, wani lokaci ma daga galan ɗin 'yan bumburutu. Tankin ƙarfe da ke zama kusan wayam yakan tara raɓa a cikinsa, musamman da damina, ruwan kuma ya ci ƙarfen a hankali.

Sun wanke tankin sau uku, suka hura bututu da iska, suka sa sabuwar matata, aka kwance kafireta aka wanke jet-jet ɗinta, wato ƙananan hudojin da mai ke bi. Tun da an riga an buɗe, ya daidaita tazarar kwantak a kan milimita 0.4. Bayan La'asar muka gwada ta har Kwanar Dangora muka dawo, ba ta yi ko tari ba. Ya ce in dawo bayan mako biyu a duba matatar, idan ta sake yin ja to sai an nemi wani tanki. Tsohon koyil ɗina, wanda lafiyarsa ƙalau, yana cikin but na naɗe shi a tsumma.