Gidan Kamfani da Yajin Aikin Masaƙa a Kudancin Ƙasar Amurka

Masu sayar da atamfa a kasuwar Kejetia ta Kumasi, ku san yadda yajin aikin masaƙun Amurka na 1934 ya rushe. A ƙauyukan masaƙa na kudu, gidan da ma'aikaci yake kwana na kamfani ne, ana cire kuɗin haya daga albashinsa. Da aka ninka injinan da mutum ɗaya yake kula da su ba ƙarin kuɗi, ma'aikata kusan 400,000 a faɗin ƙasar suka ajiye aiki a watan Satumba. A garin Honea Path na jihar South Carolina an harbe mutum 7 har lahira.

Cikin mako uku komai ya watse. Ƙungiyar ma'aikata ba ta da kuɗin ciyar da iyalai, kamfanoni kuwa rumbunansu cike suke da yadin da bai sayu ba, ba sa gaggawa. Abin da ya fi ciwo, dubban ma'aikata an hana su komawa aiki, aka kuma fitar da su daga gidajen.