Italiyancin yau: kalmomin tasha da na gidan abinci

Laraba, bayan sallar isha'i.

Kalmomi goma sha biyar na sa a gaba yau, don abin da ya wuce haka a rana guda ba ya zama a kaina. Na yayyanka kwali ƙanana, Hausa a gaba, Italiyanci a baya, kuma kowane suna tare da ɗan rakiyarsa, wato ƙaramar kalmar da ke zuwa kafinsa, irin il, lo ko la: il biglietto, tikiti, il binario, layin da jirgin ƙasa ke tsayawa, lo sciopero, yajin aiki. Dalili shi ne jinsi. Bahaushe ya samu sauƙi a nan, tunda akasarin sunayen da suka ƙare da -a mata ne a harsunan biyu, masu -o kuma maza ne a Italiyanci. Amma masu -e ba sa nuna kansu: la stazione mace ce, il pane namiji. Ga kuma irin su la mano da il problema da suka saɓa ƙa'ida.

Da hantsi aikin ƙulla sauti na yi, kuma shi na fi jin daɗi. Casa, wato gida, a arewacin Italiya ana furta ta kusan “kaza”, sai in hango kaza ta tare ƙofar zaure ta hana kowa shiga gida. Sale gishiri ne: ga Malam Sale zaune ɗare-ɗare kan buhun gishiri. Uscita, mafita, ana cewa “ushita”, ta yi amo da fita. Sharaɗin shi ne abubuwan biyu su taɓa juna a cikin hoton. Idan kazar na gefe gidan na gefe, kazar za ta dawo maka, ma'anar ta ɓace. Kuma a fara jin kalmar daga bakin mai harshen kafin a ƙulla, in ba haka ba lafazin Hausar ne zai manne. Wata kalmar ma tarko ce: camera ɗaki ne, ba abin ɗaukar hoto ba.

Baƙi mai ruɓi sai an kula. Kamar baba da babba, haka sete, ƙishirwa, da sette, bakwai. Nono, na tara, da nonno, kaka namiji. Harafin c kafin e ko i daidai yake da namu, ch kuwa k ce.

Maimaici shi ne ginshiƙi. Tun 1885 masanin halayyar ɗan Adam Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, don haka na bi katunan bayan azahar, na sake bi yanzu. Tsarin maimaita katuna a akwatuna na Sebastian Leitner nake bi, amma da ambulan uku: ta farko kullum, ta biyu duk kwana uku, ta uku mako-mako. Katin da aka ci ya matsa gaba, wanda aka faɗi ya koma ta farko ko daga ina yake. A fara daga fuskar Hausa, a faɗi amsar da ƙarfi kafin a juya. Mai farawa daga Italiyanci gane kalma kawai yake koya, ranar da ya tsaya gaban mai sayar da tikiti bakinsa zai ɗaure.

Destra da sinistra, dama da hagu, na raba su, ɗaya yau ɗaya jibi, saboda kishiyoyi in aka haddace su tare sukan cakuɗe.

Katunan da ba na wasa da su na abinci ne. Maiale alade ne, amma sau da yawa ba sunan za ka gani a takardar abinci ba, sai prosciutto, pancetta ko guanciale, duk naman alade. Strutto kitsensa ne, kuma yana shiga wasu nau'o'in burodi. Waɗannan a cikin jimla na haddace su: “C'è maiale?”, wato akwai alade a ciki, da “Senza maiale, per favore”, wato ban da alade, don Allah. Gobe lambobi, daga ɗaya zuwa ashirin, tare da tambayar kuɗin abu, “Quanto costa?”