Asabar a lambu: kuɓewa ta karɓi wurin salati

Tawa, ƙarshen Fabrairu.

Sanyi ya fara tattara kayansa. Daren jiya ko bargo ban nema ba, yau kuma kafin ƙarfe 10 rana ta soma cizo. Bayan sallar asuba muka nufi lambunmu na kwarin Tadis, ni da Kawu da ƙanena, jaki na jan amalanke da buhunan taki da hauyoyi.

Salati muka fara tumɓukewa. Ya yi tsiri, ya miƙe yana neman fure, ganyen ya koma ɗaci, ba mai sayensa ko a dala. Awakin gida dai sun samu rabonsu. Ƙanena ya kafe a sake dasa tumatir a wurin, wai ya ga yadda kuɗinsa ke hawa da bazara. Kawu bai ko ɗago kai ba ya ce, "Kai yaro, da yana yi da zafi, ai da bai yi tsada ba." Haka abin yake. Zafi in ya haura digiri 35, furen tumatir zubewa yake yi bai ɗaura ɗa ba, mu kuwa nan a watan Afrilu har 40 muke wucewa. Sai mutum ya yi ta ban ruwa yana kiwon ganye. Abin da muka tsayar shi ne kuɓewa da alayyahu da yakuwa, sai layin zogale a jikin shinge.

Gyaran fangali ne ya cinye safiyar. Na sha ganin mutane suna rawar jiki wajen zaɓen iri, su yi wa ƙasa aikin gaggawa, alhali can ake ci, can kuma ake faɗuwa. Mun kafta, mun farfasa hoge, mun tsince saiwoyi. Da rani ba a ɗaga fangali sama, kwari ake yi masa, a ja kunya ta kewaye shi don ruwa ya zauna. Faɗinsa kada ya wuce mita 1 da kaɗan, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da an taka ba. In an gama bajewa sai Kawu ya sa a sheƙa ruwa, ya tsuguna yana kallon inda ya kwanta da inda ya guje, ya ja ƙasa da bayan hauya har ya daidaita.

Takin na tumaki da awaki ne, tun bayan kaka yake cikin rami ana yayyafa masa ruwa ana juyawa. Kafin a zuba, Kawu ya cusa hannu har gwiwar hannu cikin buhu, ya damƙo, ya murza, ya shinshina. Baƙi ne, da sanyi, yana wargajewa kamar garin kuka. Buhu ɗaya ya ture gefe, ya ce da sauran ɗumi a cikinsa, bai gama ruɓa ba. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa, yana jawo gara, ga ƴaƴan ciyawa da yake shigowa da su.

Irin kuɓewa tun jiya da dare Inna ta jiƙa mana shi, waɗanda suka taso saman ruwa ta kwashe ta zubar. Ƙwaya 3 muke sawa a rami, zurfin gaɓar yatsa, tazarar rabin mita, in sun fito a rage. Na alayyahu kuwa ƙanana ne ƙwarai, sai an cuɗa da yashi a watsa, in ba haka ba wuri ɗaya zai cunkushe. Muka rufe da ƙaiƙayin gero don laima ta daɗe. Alayyahu mako 3 zuwa 4 an fara yanka. Kuɓewa sai ta kusan wata 2, wato ƙarshen Afrilu, lokacin da yawancin gidaje suka koma kan busasshiya.

Rabin fangalan kawai muka shuka, kuma a nan ne muka ɗan yi sa-in-sa da ƙanena, shi gani yake an bar ƙasa a banza. Ni ina bayan Kawu. Igiyar guga ta riga ta fara neman ƙari, kuma daga yanzu har ruwan sama ya sauka wajen Yuni, rijiya ƙasa za ta yi ta yi. Injin ban ruwan maƙwabcinmu, wanda aka juya ya koma aiki da tukunyar gas saboda tsadar mai, da yamma kaɗai muke samunsa, mu biya rabonmu. Na safe da hannu ne.

Shi maƙwabcin albasa yake haƙa, ƴar Galmi, an jera ta a fili ganyen wannan layi ya rufe kan wancan don kada rana ta dafa ta. Fuskarsa ba walwala. Kowa yanzu yake cirewa, farashi ya faɗi, ƴan sari masu lodi zuwa Gana da Kodebuwa su ke yanka kuɗi yadda suka ga dama. Mai rudu, wato rumbun ajiye albasa, shi ne zai iya ajiyewa har damina, maƙwabcin namu kuwa bashin iri da na taki na jiransa.

Da la'asar muka yi ban ruwan farko, a hankali, don kada iri ya tone. Bayana ya riƙe. Gobe in Allah ya kai mu akwai ƙaya da za a saro a toshe ɓarakar shinge ta gabas, don na ga sawun akuya a can.