Godiya bayan hannuna ya koma kan tsirkiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gode wa Allah Maɗaukakin Sarki da Ya nuna mini daren Asabar ɗin da ta gabata, daren da na tsaya gaban jama'ar Damagaram riƙe da gogen Turawa, wanda Faransawa ke kira biyolon, karon farko tun bayan haɗarin da ya ajiye ni wata takwas a gida.

Waɗanda ke kusa da ni sun san cewa kabu-kabu ne ya zubar da ni a kan hanyata daga Zango zuwa Birni, wuyan hannuna na hagu ya karye. Ga wani ma'aikacin, karayar hagu da sauƙi, amma ga mai irin sana'ata hagu ita ce jari. Gogen nan yana da tsirkiya 4, wato sol, re, la da mi, kuma babu wata alama a jikin wuyansa da za ta nuna wa yatsa inda zai sauka, kunne da sabon hannu ne kaɗai ke jagora, ta yadda in yatsa ya kauce kamar faɗin ƙwayar gero sauti ya ɓaci. Ranar da aka cire mini filasta na ga ƙaramin yatsana ya ƙi lanƙwasuwa, sai da na zubar da hawaye a gaban likita. Ina gode masa, ina kuma gode wa mai gashin ƙashin da ta yi haƙuri da gaggawata, ta hana ni ɗaukar goge sama da minti 10 a rana har jijiyoyin suka saki. Uwargidana kuwa, wadda ta riƙa ɗaura mini maɓallin riga tana ɗebe mini kewa a darare marasa barci, Allah ne kaɗai zai biya ta.

A zaman jinyar na yawaita tuna mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Lokacin da na tafi Yamai na fara koyon karatun alamomin kiɗa a cibiyar horar da makaɗa ta Alhaji Taya, mutane da dama sun same shi suna cewa goge kayan ƴan bori ne, ɗan gidan malamai ba ya taɓa shi. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini, kada in yi wasa da salla. Da albarkarsa na wuce Faransa, na yi shekaru ina karatu, na zauna cikin jerin masu goge na biyu a babbar ƙungiyar makaɗa, sa'annan na komo gida domin in koyar da yara, abin da na fi ƙauna a duk tsawon aikina.

Babbar fargabata ita ce ajin ya watse, ga shi kuma jinyar ta faɗo cikin hunturu. Katakon goge siriri ne ƙwarai, an haɗa shi da dankon fata, yana son danshin iska tsakanin kashi 40 da 60 cikin 100, alhali iskar hunturunmu ba ta barin ko leɓen mutum. Katako yakan tsuke, maɗaurai su sassauta, wani lokacin ɗan sandan da ke tsaye a cikin cikinsa yana tallafe da jaki, wato ɗan katakon da tsirkiya ke hawa kansa, ya faɗi, muryar gogen ta dushe. Babbar ɗalibata ta riƙe ajin ba tare da na roƙe ta ba, tana saita wa ƙanana tsirkiya kowace la'asar, tana sa jiƙaƙƙen soso cikin kowane akwati. Da gogaye biyu suka buɗe ta gefe, Baba mai goge na unguwarmu, dattijon da ya shekara fiye da hamsin yana jan izgar doki a kan ƙwarya da fatar guza, shi ya zauna da kafinta suka liƙe su bisa bayanin da nake yi musu daga kan tabarma. Shi ne kuma ya kawo wa yaran ƙaro daga jakarsa lokacin da namu na shafa wa bakan goge ya ƙare. Baba, na gode, Allah Ya ƙara girma.

A daren wasan, ni da ɗalibar tawa muka kaɗa sashen tsakiya na kiɗan da Bach, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus, ya tsara wa goge biyu, inda na biyu ke buɗewa a hankali, na farko ya biyo shi. Na ɗauki na biyu na bar mata na farko, domin ta cancanta. Yaran kuma sun gabatar da wani ɗan sashe na Chevalier de Saint-Georges, gwanin gogen da aka haifa a tsibirin Gwadalub a 1745, ɗan wata baiwa baƙar fata, wanda ya jagoranci makaɗa a birnin Paris. Na zaɓe shi da gangan don su san cewa mai irin fatarsu ya riƙe wannan goge tun da daɗewa.

Iyayen yara, musamman iyayen ƴan mata da suka toshe kunne daga surutun mutane suka ci gaba da rako su aji, ina yi muku godiya ta musamman. Haka ma'aikatan gidan matasa da suka ba mu zaure, da mai fiyanon da ya taso daga Yamai da kuɗin motarsa, da maƙwabtan da suka yi ta sintirin dubiya da kwanon abinci. Wanda ban ambata ba ya gafarce ni.

Likita ya amince mini da awa 2 na motsa hannu a rana. In Allah Ya yarda, darasi zai koma hannuna ranar Laraba bayan sallar la'asar, kuma ƙanana su zo da gogayensu da wuri domin in duba jakin kowanne da kaina.