Asabar a ƙarƙashin akori-kura

Na tashi da ciwon wuya tun kafin in taɓa sifana, don jiya kusan kwana na yi ina juya takardar bayanin yadda ake ɗaura jakunkunan iskar nan, na roba da ake sa wa tsakanin shasi da aksil ɗin baya don su ɗaga bayan mota in an yi mata lodi. Ɗakin kwanan da na saya don ɗorawa a bayan akori-kurata yana tsakar gida tsaye a kan ƙafafunsa huɗu, kwana takwas ke nan ban sake kusantarsa da mota ba. Ranar da na ɗauko shi bayan motar ya zauna da santimita 7, na auna da tef daga ƙasa zuwa bakin bodi a saitin taya. Hancinta ya kalli sama, sitiyari ya yi sakayau a hannu, fitilun gaba suna haska rassan itatuwa, duk wanda muka yi kiciɓis da shi sai ya walƙa mini fitila yana zaton da gangan nake kashe masa ido. A kwana kuwa ɗakin kan yi wani rangaji da sai da na riƙe numfashi.

Na daɗe ina wasiwasi kan abin da zan sa. Akwai ƙarin falle a sifirin, shi ne mafi sauƙin fahimta, amma ni rabin shekara motar ba kaya take yawo, kuma na taɓa hawa wadda aka ƙara wa falle biyu: kowane tsakuwa sai ka ji shi a ƙugunka. Akwai curin roba irin na kamfanin Timbren da ake sa wa a gurbin robar da ke hana aksil bugun shasi, ba ya buƙatar kulawa, sai dai yadda ka sa shi haka zai zauna. Jakar iska ce kaɗai zan iya cikawa ranar tafiya in sassauta ranar da na sauke ɗakin. Shi ya sa.

Ƙanina ya iso da hantsi. Muka tare tayoyin gaba da katako, muka ɗaga baya da jek, muka tokare shasi da ƙarafan tokare guda biyu. Ya so ya shige ƙasa tun mota na kan jek kaɗai, na ce masa ko hannunsa kada ya zura.

"Yaya, minti ɗaya fa."

"Minti ɗayan ne ba na so."

Ɓangaren hagu bai ba mu wahala ba. An cire tsohuwar robar, maƙalar sama ta zauna a gurbinta, ta ƙasa ta hau kan aksil, jakar a tsakani. Cikin minti arba'in mun gama, har na fara cika baki. Na dama ne ya rama. Noti ɗaya tsatsa ta cinye shi ya zama ɗaya da ƙarfen, na fesa masa man sassauta tsatsa, muka jira, na ja, ko gezau. Na ƙara wa sifana tsawo da bututu, na dafe shasi da ƙafa, na ja da duk ƙarfina. Ya saki gaba ɗaya, bayan hannuna ya daki gefen sifirin, fatar gaɓoɓi biyu ta saluɓe. Ƙanina yana ta danne dariya yana cewa sannu. Noti ɗaya, awa ɗaya da rabi.

A wannan ɓangaren ne kuma salansa ta bi, tazararta da jakar bai kai faɗin tafin hannu ba. Roba da zafi ba sa ga maciji, don haka muka ɗaure farantin kare zafi da ya zo a cikin kwalin, muka zagaya da tiyon iska ta can nesa, ta saman shasi, muna ɗaure shi duk bayan taki ɗaya don kada ya goga da wani kaifi. Tiyon nan da reza ake yanka shi, a miƙe cif. Ƙanina ya datse na farko da filaya, bakin ya lanƙwashe, da muka hura iska muka shafa ruwan sabulu sai ga kumfa tana tashi kamar ana wanki. Muka sake yankewa, ta ɗauke.

Mun ɗan yi musu kan bawul. Shi yana ganin a haɗe jakunkunan biyu da tiyo ɗaya, bawul ɗaya, a huta. Ga mai jan tirela wataƙila hakan ya wuce, amma kaya mai tsayi irin wannan, in ka shiga kwana nauyi ya danne gefe ɗaya, iskar sai ta gudu ta koma ɗayan gefen, wato wanda ake so ya tokare shi ne zai saki. Na kafe sai kowace da nata. Akwai ma wani amfanin: firji da batirin ɗakin duk a hagu suke, ina iya ƙara wa hagun iska kaɗan ta daidaita. Muka huda ƙananan ramuka biyu a gefen lambar mota, bawul biyu suka zauna kamar na taya.

Ina kwance ina duba ɗaurin ƙarshe ne idona ya kai kan wata siririyar sanda da ta taso daga aksil zuwa wani bawul a jikin shasi, tiyon man birki na shiga yana fita. Na san da ita, amma ban taɓa haɗa ta da aikin yau ba. Tsofaffin akori-kura da yawa suna da ita. Aikinta ta ji yadda baya ya zauna: in ya zauna sosai, ta san an yi lodi, ta ƙara wa birkin baya ƙarfi, in yana sama, ta rage don kada tayoyin baya su kulle. To ni yanzu zan ɗora kaya in kuma ɗaga bayan da iska, wato zan yi mata ƙarya cewa mota ba komai. Na daɗe kwance ina kallonta. Wannan kam ba zan taɓa da hannuna ba, ranar Litinin sai wajen mai birki.

Da rana ta karkata muka sauke mota, na yi baya a hankali na shige ƙarƙashin ɗakin, ƙanina na ba ni hannu. Muka sauke shi a kan ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, muka ture shi har ya kusa jingina da bangon gaba na bodi. A jikinsa akwai alamar da maƙera suka yi ta inda tsakiyar nauyinsa take, kuma ana so ta faɗo a kan aksil ɗin baya ko gabansa kaɗan. Tawa ta wuce gaba da kamar yatsu huɗu. Muka ɗaure sarƙoƙi huɗu.

Sai zumuɗi ya ɗebe ni. Takarda ta ce jakar na ɗaukar har psi 100, wato ma'aunin matsin iska irin na taya, kada kuma ta gaza 5 ko da mota ba kaya, don in ta yi fayau takan naɗe ta tsage. Na hura 70. Mota ta miƙe tsaf, har ta fi yadda take ba kaya tsayi, na tsaya ina kallonta ina jin daɗi. Da muka fita gwaji sai ta riƙa tsalle kamar ƙwallo, rangajin ma ya fi na da. Da na leƙa na gane: babban fallen ƙasa mai kauri, wanda sai an yi lodi yake shiga aiki, ya rabu da sauran, akwai fili tsakaninsu har yatsa na shiga. Na ɗauke nauyin daga kan ƙarfe na ɗora wa iska. Na dinga sassautawa biyar biyar har fallen ya koma ya taɓa. Ta tsaya a 35 dama, 40 hagu, bayan ya zauna da santimita 3 maimakon 7. Tafiya ta natsu, sitiyari ya dawo da nauyinsa. Rangajin bai ƙare duka ba, shokazoba sun tsufa, su ne na gaba, wataƙila da sandar hana tangaɗi mai kauri.

Daga nan na ce mu wuce sikelin manyan motoci tunda tankin ruwa cike yake, mai ma cike, mu biyu a ciki. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai 'yar takarda da kamfani ya manna: jimillar nauyin da aka yarda motar ta kai kilo 3,200, aksil ɗin baya kilo 1,850. Mai sikeli ya miƙo mini takarda. Gaba 1,310, baya 1,905.

"Amma ai mun sa jaka," in ji ƙanina.

Na ce masa jaka ta ɗaga, ba ta ɗauke ba. Aksil ɗin shi ne na jiya, haka boris, haka birki, haka tayoyi, kowace da lambar nauyinta a rubuce a gefenta. Kamfanonin jakar ma da kansu sun rubuta cewa ba ta ƙara ko kilo ɗaya a kan abin da ke jikin ƙofa. Na karanta jiya da dare, na wuce kamar ba da ni ake ba, don motar da ta miƙe tana ruɗar ido.

A hanyar dawowa na yi lissafi a kai. Akwatin ƙarfen da na rataya a bayan ɗakin, da kayan aiki da jarkar ruwa ta ajiya, zai kai kilo 40, kuma yana wajen mita ɗaya a bayan aksil. Tsakanin tayar gaba da ta baya kusan mita 3 ne. Ke nan kilo 40 ɗin nan yana danna baya da kamar 53, yana kuma sauke wa gaba 13, kamar lilon yara. In na cire shi baya ya dawo 1,852. Saura biyu, ga uwargida da kayanta ba su shiga lissafi ba tukuna. Tankin ruwan lita 90 ne, kowace lita kilo ɗaya, in na tashi da rabi in cika a kusa da inda za mu sauka na samu 45, mafi yawansa daga baya.

Mun iso duhu ya fara. Na riƙe tocila da baki na kwance akwatin, noti shida, muka sauke shi mu biyu muka jingina da bango. Uwargida ta fito ta ga hannuna, ta koma ta ɗauko filasta ba ta ce komai ba. Na rubuta 35 da 40 a jikin tef na manna kusa da bawul, gobe da safe in sa geji in ga ko iska ta kwana. Na buɗe famfon tankin, ruwa na zuba a ƙasa yanzu haka da nake rubutun nan, sai in tashi in rufe kafin ya wuce rabi.